Amsa ga Ɗan Koyo kan Man Irin Kuzbara

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa nake saka man irin kuzbara a haɗin tausa da na ƙamshin dare, alhali kai ganyenta ka sani, kuma warinsa bai yi maka kama da abin da zai kwantar da hankalin mutum ba. Tambayarka tana kan hanya, domin shuka ɗaya ce take ba da mai kala biyu, kuma wanda ya rikita su zai ɓata haɗi.

Kuzbara, wadda wasu ke kira koriyanda, masana tsirrai kuma Coriandrum sativum, dangin karas ce. Man ganyenta cike yake da sinadaran aldehayid, su ne suke ba shi wannan kaifin warin da ya dame ka. Na irin kuwa daban yake. Sai irin ya nuna ya bushe ake farfasa shi dab da lokacin tatsa, a tura tururin ruwa ta cikinsa, tururin ya kwashe man, sannan a sanyaya shi har man ya taso saman ruwa a kwalfe. Sau da yawa kilo 100 na iri ba ya ba da abin da ya wuce kilo 1 na mai, sai dai iri mai ƙananan ƙwayoyi da ake nomawa a Rasha da gabashin Turai ya fi yawan mai.

Ka ɗiga digo ɗaya a kan takarda, ka yi haƙuri kada ka shinshina nan take. Da farko za ka ji ɗan yaji kamar na ɓawon lemo, bayan wasu mintuna kuma sai ƙamshin ya kwanta, ya koma mai zaƙi da ɗumi kamar na itace. Wannan laushin aikin sinadarin linalul ne, wanda yake kai kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na man, kuma yana cikin manyan sinadaran man lafanda, wata shuka mai furanni masu ƙamshi. Saboda shi nake zuba digo 3 ko 4 a na'urar watsa ƙamshi ga wanda ya dawo a gajiye hankalinsa ya ƙi kwanciya, nake kuma tausa da shi ga mai ciwon jiki ko mai kumburin ciki bayan cin abinci.

Ba a shafa shi tsurarsa. Digo 6 a cikin mililita 30 na man almon ko na kwakwa ya ba ka kusan kashi 1 cikin 100, kuma ni ban cika wuce ninkinsa ba. Ka fara gwadawa a cikin dantsen mutum, ka jira kwana ɗaya. Kada ka ba kowa ya sha, kada ka shafa wa jariri ko mai juna biyu ba da izinin likita ba, kuma idan ciwon cikin mutum ya daɗe, asibiti za ka tura shi, domin abin da muke bayarwa sauƙi ne da natsuwa, ba warkar da cuta ba.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne cewa linalul ɗin nan yana lalacewa idan iska ta daɗe tana shigarsa, kuma lalataccensa yana tayar da ƙaiƙayi. Ina sabon shiga na taɓa ɗauko tsohuwar kwalba da ta kusa ƙarewa na yi wa wani dattijo tausar kafaɗa, washegari ya dawo fatarsa ta yi ja, kuma har yau ina jin nauyin abin. Saboda haka ka zuba man a kwalba mai duhu, ka rufe ta gam, ka ajiye ta wuri mai sanyi. Gobe idan ka zo, ka rubuta ranar buɗewa a jikin kowace kwalba, ka ware mini duk wadda ƙamshinta ya fara tsami in duba ta da kaina.