Amsa: Yaushe ake gina ƙwayoyin ji na cikin kunne?

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin tambaya ko gaskiya ne jariri yana zuwa duniya da dukkan ƙwayoyin jin da zai rayu da su, da kuma yadda suke samuwa. Gaskiya ne, kuma wanda ya fahimci yadda ake gina su ya fahimci tushen yawancin kurumtar haihuwa.

Aikin yana somawa a mako na 4 da shigar ciki. Wani ɗan wuri a gefen kan ɗan tayi yana kauri, ya lotsa ciki, ya rufe ya zama 'yar jaka mai ruwa. Ɓangarenta na sama shi ke zama sashen daidaita tsayuwa, na ƙasa kuma ya miƙe ya zama bututu yana naɗewa, har ya cika naɗi biyu da rabi wajen mako na 10. Ita ce katantanwar kunne, idan an warware ta tsawonta ya kusa milimita 35.

A ƙasan bututun akwai zirin ƙwayoyi da ƙwayar gado mai suna Sox2 ta keɓe domin aikin ji. Abu na farko da suke yi shi ne daina rabuwa, furotin p27 ke tsayar da su. Ki riƙe wannan da kyau, domin daga nan adadinsu ya tsaya cak. Sai wata ƙwayar gado mai suna Atoh1 ta farka a cikin wasu daga cikinsu, ta mai da su ƙwayoyi masu gashi, tana farawa daga wajen gindin katantanwa zuwa ƙoli. A 1999 aka nuna cewa ɓeran da aka cire wa wannan ƙwayar gado ba ya samun ƙwayar gashi ko ɗaya. Duk wadda ta soma zama mai gashi kuma tana aika wa maƙwabtanta saƙo ta wata hanyar sadarwa tsakanin ƙwayoyi mai suna Notch cewa kada su bi sahunta, sai su zama masu tallafi. Shi ya sa ba a ganin masu gashi biyu manne da juna. A ƙarshe kowane kunne yana da layi ɗaya na ciki mai ƙwayoyi kusan 3,500, su ke miƙa sauti ga jijiya, da layi uku na waje masu kusan 12,000, su ke ƙara wa ƙaramin sauti ƙarfi.

Gashin kansa shi ne inda aikin ya fi laushi. Da farko saman ƙwayar yana cike da 'yan tsiro gajeru masu tsawo ɗaya, da sili guda a tsakiya. Silin yana matsawa gefe ɗaya, kuma dole gefen ya zama iri ɗaya a duk ƙwayoyin layin, in ba haka ba motsin ruwa ba zai lanƙwasa su daidai ba. Tsiron da ke kusa da silin sun fi tsawo, na bayansu suna raguwa, kamar matakalar bene. Furotin mayosin 15a ke kai kayan gini zuwa tsininsu, idan ya lalace sai gashin ya tsaya gajere. Sannan wani siririn zare da aka tufka da furotin biyu, kadahirin 23 da furotokadahirin 15, yana ɗaure kan gajere da gefen dogon da ke gabansa. Sauti ya lanƙwasa gashin, zaren ya ja, ƙofa ta buɗe, sinadarin fotasiyam ya shiga, saƙo ya tafi. Silin jagora yana ɓacewa a katantanwa bayan ya gama aikinsa, amma yana nan a sashen tsayuwa. Wajen mako na 25 ɗan tayi yana iya firgita da ƙara mai ƙarfi.

Idan zaren ko wani furotin mai suna mayosin 7a ya samu matsala, cutar Usher nau'i na 1 ke nan: kurumta tun haihuwa, jinkirin tafiya, daga baya dundumi. A al'ummomi da yawa kuwa, babban sanadin kurumtar gado yana cikin ƙwayoyin tallafi ne, wato lahani a furotin koneksin 26. Ƙyandar Jamus a watanni uku na farkon ciki, cutar CMV (wani bairos da uwa kan ba ɗan tayi), da ƙarancin sinadarin tayirod su ma suna ɓata ginin. Ita CMV takan jinkirta, yaro ya ci gwajin ji da ake yi bayan haihuwa amma jinsa ya ragu daga baya.

Tsuntsaye suna mayar da ƙwayoyin gashinsu idan sun mutu, an tabbatar da haka a 1988, saboda ƙwayoyin tallafinsu suna iya komawa rabuwa. Namu ba sa komawa. Don haka ƙwayar gashin da ƙara mai tsanani ko allurar jentamaisin (maganin kashe ƙwayoyin cuta) ta kashe, ta tafi ke nan, kuma a ganina wannan ya isa dalilin da zai sa a riƙa auna irin waɗannan magunguna da tsanaki ga jarirai.

Ki lura kuma, gwajin OAE (mai auna 'yar amsa-kuwwar da kunne ke mayarwa) da ake yi wa jariri ƙwayoyin waje kawai yake dubawa. Yaron da matsalarsa ke ƙwayoyin ciki ko jijiya, kamar mai lahani a furotin otofalin, zai iya cin gwajin alhali ba ya ji, sai gwajin ABR, mai auna yadda jijiya da ƙwaƙwalwa ke amsa sauti, ke kama shi. Ƙa'idar da ake bi ita ce gwaji kafin wata 1, tabbatarwa kafin wata 3, fara taimako kafin wata 6.