Da mota za a dawo gida, ko da kuɗinta?

Wasiƙu biyar na ware a wannan makon, duk daga masu shirin yin ƙaura, kowa kuma hankalinsa na kan motarsa. Na taƙaita tambayoyin, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

*Assalamu alaikum Malam. Shekarata goma sha ɗaya ina aiki a Jidda, yanzu zan koma Kano da iyalina. Ina da Toyota Camry ƙirar 2018, sabuwa na saye ta, ko ƙwarzane babu. Wani abokina ya ce wanda ya daɗe a waje ba ya biyan kuɗin fito a kan kayansa. In taho da ita?*

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya dawo da ku lafiya. Abokin naka rabin zancen ya riƙe. Akwai sassaucin da kwastam ke yi wa wanda ya zauna a waje aƙalla wata tara, amma a kan kayan amfaninsa ne na yau da kullum: tufafi, gado, tukwane, littattafan yara. Mota ba ta cikin wannan lissafi. Da kai da dillalin da ya shigo da motoci ashirin don sayarwa, ma'auni ɗaya za a sa muku.

Kuma rasit ɗin da ka ajiye ba shi zai yanke kuɗin ba. Tun 2022 kwastam ɗin Najeriya ke kimanta mota da lambar shasinta, wato haruffa da lambobi 17 ɗin nan da ake gani a gindin gilashin gaba. Da an shigar da su kwamfuta, sai ta fito da ƙirar motar, shekararta, da ƙimar da hukuma ta sa mata. A kan wannan ƙima ake ɗora kuɗin fito, da harajin hukumar kula da ƙera motoci, da VAT na kashi 7.5, da wasu ƙananan caje-caje. Ƙimar da dala ake yin ta, a juya ta zuwa naira da farashin ranar da aka shigar da takardu. Nan ne mutane da yawa suka ƙone: a farkon 2023 dalar gwamnati wajen naira 460 take, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya yi lissafi da labarin da ɗan'uwansa ya ba shi na shekarun baya, sai ya isa Legas ya tarar kuɗin hannunsa ko rabi bai kai ba.

Saboda haka ka samu takarda da biro ka rubuta abu uku. Na farko, nawa za a sayi motar a Jidda yau, kuɗi hannu. Na biyu, duk abin da za ta ci daga tashar jirgin ruwan Jidda har ƙofar gidanka: kuɗin jirgi, inshora, fito, ladan ejan da zai fitar maka da ita daga hannun kwastam, kuɗin ajiya a tasha, ɗauko ta daga Legas zuwa Kano wajen kilomita 1,000, da yin sabuwar lamba. Na uku, nawa ake sayar da irinta a Kano, ka sa wanda ka amince da shi ya je ya taya da bakinsa. In na farko da na biyu a haɗe sun zarce na uku da nisa, magana ta ƙare.

In kuwa sun yi kusa da juna, ni kam zan ce ka taho da ita. Akwai abin da alƙalami ba ya kamawa. Ka san wanda ya tuƙa ta, ka san man da ta sha, ka san ba ta taɓa nutsewa a ambaliya ba, alhali motar da za ka saya a bakin titi sai abin da dillali ya ga damar faɗa maka. Motocin da aka ƙera don ƙasashen Larabawa an yi su ne don zafi da ƙura, sanyinsu ba ya gazawa a watan Afrilu. Camry kuma ba baƙuwa ba ce, kayan gyaranta na nan jibge a Ƙofar Ruwa, kowane bakanike ya san cikinta. Shekarunta ma ba su kai 12 ɗin da doka ta iyakance wa tsohuwar mota ba.

Sai dai ka fara da wuri. A Saudiyya ba a ba mutum bizar fita ta ƙarshe alhali akwai mota da sunansa, don haka ko sayarwa ko fitarwa, sai ka gama da ita kafin ka nemi sallama. Wajen ɗauko ta hanya biyu ce: jirgin da ake tuƙa mota a shiga da ita, wanda ya fi araha amma ba a yarda a cusa kaya a ciki ba, ko kwantena, wadda ta fi tsada amma za ta ɗauki motar da kayan ɗakin Hajiya gaba ɗaya. Ga mai iyali, kwantena ta fi. Ka tabbatar sunanka na kan takardar lodin jirgi harafi da harafi kamar yadda yake a fasfo, don kuskuren harafi ɗaya kan zaunar da mota makonni, kullum kuɗin ajiya na hawa.

Batun ejan kuma, ka ji tsoron mai araha. In kowa ya ce goma shi ya ce shida, to shekarar motar zai rage ko ya canja mata aji a takarda. Motar za ta fito, ka yi murna, sai wata rana a shingen kwastam tsakanin Lakwaja da Abuja a duba a ce ba a biya daidai ba. A lokacin wayarsa a kashe take. Ka nemi mai lasisi, ka karɓi takardar kimantawa da shaidar biya ta banki a hannunka.

*Malam, ma'aikaciyar jinya ce ni a Ingila, zan koma Kaduna. Motata ƙarama ce amma ina ji da ita. An ce akwai masu mayar da sitiyari hagu a Legas.*

Hajiya, ki sayar da ita a can. Najeriya ta yi canjin hannu ranar 2 ga Afrilu 1972, Gana ta bi sahu a 1974, kuma dokar hanya ta hana yi wa mota mai sitiyari a dama rajista. Ko doka ba ta hana ba, ki ƙaddara kina bayan tirela a hanya mai layi ɗaya kina son wucewa: sai kin fitar da rabin motar kafin ki hango abin da ke tahowa. Masu juya sitiyari suna nan, gaskiya ne, amma aikin ya shafi birki, wayoyin lantarki da jakar iskar da ke kare direba, kuma in an yi shi da walda da dabara, ranar da zai nuna halinsa ba a garejin za ki kasance ba. In dai motar Turai kike so, ki nemo daga Jamus, Holan ko Beljiyam, inda suke tuƙi irin namu. Daga Beljiyam ɗin ne ma tsofaffin motoci suka samo sunan da muke kiransu da shi a kasuwa.

*Ina zaune a Amurka, zan dawo Zariya. Motar da nake hawa da sauran bashin banki a kanta. Zan iya turo ta in ci gaba da biya daga gida?*

Ɗan'uwa, da wuya. Kwastam ɗin Amurka na buƙatar a gabatar musu da ainihin takardar mallakar mota aƙalla awa 72 kafin a fitar da ita, kuma muddin da bashi, sunan mai bashin na kan takardar. Sai ya rubuta amincewarsa, su kuwa ba su cika yarda jinginarsu ta tsallaka teku ba. Ko ka biya saura ka karɓi takardarka, ko ka sayar a cire bashin a ba ka canji. Kafin ka biya, duba ko ana samun kayanta a Panteka. Mota mai wuyar kaya, firikwensin da bai kai girman yatsa ba sai ya ajiye ta wata uku a ƙarƙashin bishiya.

*Na samu aiki a Kanada. In tafi da jif ɗina daga Abuja?*

A'a, ranka ya daɗe. Kanada ba ta karɓar motar da ba a ƙera bisa ƙa'idarta ba sai ta shekara 15, Amurka kuma sai 25. Mota ta fi daraja a nan fiye da can. Ka sayar, kuɗin ya kama maka hayar watannin farko.

*Malam, ɗan kasuwa ne ni a Maraɗi, zan koma Katsina da zama wajen dangin mahaifiyata. Motata lambar Nijar gare ta, kuma na saba shiga da ita ta Jibiya ba matsala.*

Alhaji, shigar da ka saba yi ta baƙo ce. Takardar izinin wucin gadi da ake yanka maka a kan iyaka, da inshorar ƙetare, na wanda zai yi kwanaki ya koma ne. Ranar da ka zama mazauni, motar ta zama kayan da aka shigo da su, sai an biya fito kafin a ba ta lambar Najeriya. Ga kuma ƙarin ƙulli: daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, ta ce sai ta tashar jirgin ruwa. Kuɗin da aka biya wa motar a duwan, wato kwastam ɗin Nijar, ba ya rage maka ko kwabo a wannan ɓangaren.

Na san za a samu mai ce maka ya san hanya, a kawo ta cikin dare ta daji a manna mata lamba. Ka fi ni sanin yawan shingayen da ke tsakanin Jibiya da Katsina, kuma motar da takardunta ba su da asali ba ta sayuwa da daraja ko bayan shekara goma. Tunda harkarka ba za ta yanke da Maraɗi ba, ka bar ta can wajen ƙaninka ko yaron shagonka, ka riƙa hawa in ka je. In kuma kuɗin kake buƙata, ka sayar da sefa, ka canja, ka sayi mai cikakkun takardu a Katsina, ka kai lambar shasinta ofishin kwastam su tabbatar maka kafin ka ƙirga wa mai ita kuɗi.