Amsa: me ya sa ake hana zuba wa barewa abinci lokacin farauta a Amurka?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko hana mafarauta zuba masara don jawo barewa takura ce kawai daga hukuma. A'a, maganar cuta ce.

Akwai wata cutar ƙwaƙwalwa da ake kira CWD, an fara gano ta a jihar Kolorado a 1967. Dabbar da ta kamu sai ta rame ƙashi da fata, miyau na dalala, tana tangaɗi, har ta daina gudun mutum. Ba magani, ba rigakafi. Abin da ke haddasa ta yana fita ta miyau da fitsari da kashi, kuma yana daɗewa cikin ƙasa shekara da shekaru. To ka duba tulin masara guda, barewa goma sun kafa kai a ciki, wannan ta lasa, waccan ta lasa. Duk mai kiwo ya san abin da kwami ɗaya ke yi wa garke idan ciwo ya shigo.

Shi ya sa jihar Mishigan ta haramta hakan a ɓangarenta na kudu tun 2019. Amma doka ba ɗaya ba ce ko'ina. A Tekzas an yarda mutum ya zuba a filinsa.

Mafarauta da yawa na ƙorafi, musamman dattawan da ba sa iya doguwar tafiya a daji, da manoman da ke sayar musu da masara da karas. Ina tausaya musu sosai. Duk da haka ina tare da haramcin a duk inda cutar ta ɓulla, domin idan ta shiga ƙasar wuri, fitar da ita sai Allah.