Kun Tambaya, Mun Amsa: Faɗin Suna da Laƙabi a Turanci

Tambaya: Sunayena uku ne. Idan zan gabatar da kaina a wajen neman aiki, "My names are" zan ce ko "My name is"? Daga wani matashi a Gusau.

Amsa: "My name is" za ka ce, ko da sunayen naka biyar ne. A ƙa'idar Turanci, sunan yanka da na uba da na kaka duk suna guda ne, don haka "is" ke binsa: "My name is Musa Garba Lawal." Sauran biyun da ake yawan ji, "My names are" da "I am by name", sun kama bakin mutane a Najeriya, amma wanda ya san ƙa'ida yana jin su zai gane kuskure ne. Kuma kada ka liƙa wa kanka Mr. Wasu ne ke girmama ka da shi.

Tambaya: Ban canza suna bayan aure ba, sunan mahaifina nake amfani da shi. A ofis sai su rubuta Mrs a gaban sunan Baba. Daidai ne? Daga wata malamar sakandare a Funtuwa.

Amsa: Malama, kin yi gaskiya da abin ya dame ki. Tushen matsalar shi ne mu laƙabinmu da sunan yanka yake tafiya: Malam Musa, Hajiya Binta. Su kuwa Mr, Mrs, Miss da Ms sunan ƙarshe suke kamawa, ko cikakken suna. Musa Garba shi ne "Mr Garba" ko "Mr Musa Garba", ba "Mr Musa" ba. To, a al'adar Turawa Mrs tana tafiya ne da sunan dangin miji, domin can mace kan ɗauki sunansu bayan aure. Idan aka ce wa Binta Sani "Mrs Sani", mai karatu zai ɗauka matar Sani ce, alhali 'yarsa ce. Mafita ita ce Ms, ana furta ta "miz". Ba ta nuna aure ko rashinsa, kuma ta dace da sunan uba. Ki ce su rubuta "Ms Binta Sani" ko "Ms Sani". A ganinmu wannan ya fi dacewa da yawancin matan Hausawa, kuma ya kamata masu rajistar ma'aikata su riƙa tambaya kafin su rubuta.

Batun ɗigo kuwa, Ingila na rubuta Mr, Mrs, Dr ba ɗigo, Amurka na sawa. Ki zaɓi ɗaya, kada ki gauraya a takarda guda. Miss ba ta ɗaukar ɗigo ko'ina.

Tambaya: Ina buga katin gayyata. Yaya ake jera muƙaman manyan baƙi? Daga wani mai ɗab'i a Kano.

Amsa: Abu na farko, "the". Idan muƙami ya manne da suna, ba a sa ta: "President Shehu Shagari", da babban baƙi a farkon muƙamin. Idan muƙamin ne ya zo a cike, suna ya biyo a matsayin bayani, sai a sa "the" a gaban muƙamin, a kewaye sunan da waƙafi biyu: "The Sultan of Sokoto, Muhammadu Sa'ad Abubakar III, will attend." Waƙafi na biyun ne ake yawan mantawa. Ga mamaci, "the late Malam Aminu Kano" ake cewa. "Late" ita kaɗai ba ta tsayuwa.

Sir ta saɓa wa Mr: sunan yanka take kamawa. Sardauna "Sir Ahmadu" ne ko "Sir Ahmadu Bello", ba "Sir Bello" ba.

Kada a haɗa Dr a gaba da PhD a baya, maimaici ne. Mr da Dr ma ba sa haɗuwa. Jerin "Alhaji Dr Engr" kuwa salon gida ne. A katin biki ba wanda zai ɗaga gira, amma idan takarda za ta ƙetare zuwa jami'a ko ofishin jakadanci, a ɗauki laƙabi ɗaya, a mayar da shaidar karatu bayan suna.