Zauren Tambaya: Neman Asalin Kakanni Daga Garwa Zuwa Njamena

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mu 'yan unguwar Hausare ne a Garwa. Tun muna yara ake ce mana mu Kanawa ne, wai kakan mahaifinmu ya zo fataucin tufafi ya zauna. Ban da laƙabinsa na "Bakano" ba mu san komai ba. Ta ina zan fara? Daga wani ɗalibi, Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye maganar Kano tukuna. Ka fara da kanka ka yi baya, uba bayan uba, kada ka haura mataki sai ka tabbatar da wanda kake kai. Nemi littafin rubutu ka ware wa kowane mutum shafi guda: sunan yanka, laƙabi, sunan uwarsa, sana'arsa, matan da ya aura, inda aka binne shi. A ƙasan kowane bayani ka rubuta wanda ya faɗa maka da ranar da ya faɗa. Duk abin da mutum biyu da ba gida ɗaya suka tashi ba suka yi ittifaƙi a kai, ka riƙe shi. Na bakin mutum ɗaya ka sa masa alama da fensir.

Gwaggonninka ka fara gani kafin baffanni. Maza kan haddace jerin ubanni, amma mata ne suka san wa ya sha nonon wa, wace ce ta zo da agola, wane ne aka ba riƙo. Kada ka tara su wuri ɗaya, don in babba ta yi magana sauran shiru za su yi ko da sun san ba haka ba ne. Ka kuma lura da alkunya: tsohuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ko na surukinta ba ko za ka kwana kana tambaya. Ce mata, "Iya, wane ne takwaransa a gidan nan?" Za ta ɗaga haɓa ta nuna maka yaron da ake kira Abba ko Babangida, sai ka je ka tambayi sunansa na yanka. Nan kuma akwai tarko. Tunda jika kan ci sunan kaka, sau da yawa mai bincike kan haɗe mutum biyu su zama ɗaya, ya wayi gari da kakan da ya yi shekara 140 a duniya. Tsakanin uba da ɗa ka ƙiyasta shekara 30 zuwa 35, sai dai in ɗan auta ne na gidan mata huɗu, wanda kan iya zuwa uban ya haura sittin.

"Bakano" a ƙasar Adamawa ba lalle ɗan birni ba ne. Yana iya zama mutumin Kura ko Bebeji ko Rano, yana iya zama Ba'agale ko Batokare da asalinsa ya faro daga wajen Azbin, yana kuma iya zama wanda kawai ya biyo ayarin Kanawa. Abu uku za su taimake ka. Na farko tsagar gado: nemi tsohon hoto ko wanda ya ga fuskarsa, ka kai bayanin wurin tsohon wanzami, shi ne mai karanta ta. Na biyu abokan wasa: in gidanku da Zage-zagi ake tsokana, zancen Kano ya yi ƙarfi, in da Yarbawa ne, ka leƙa Gobir. Na uku harshe. Saurari tsofaffin gidan suna waƙar daka ko suna faɗa: mai cewa "tahi" da "hwara" ba daga Kano ta gaji bakinta ba, yamma ce, wajen Katsina ko Sakkwato.

Kada ka tambayi tsoho shekara, ka tambaye shi abin da ya faru. Kakan naku ya riga Jamusawa zuwa ko ya tarar da su? Sun ci Ngaundare da Garwa a 1901, Marwa a 1902, kuma Ingila da Faransa suka karɓe Garwa daga hannunsu a 1915. Gudun Nasara ya yi bayan faɗuwar Kano a 1903? Ko yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ce ta koro shi? Wane Lamido ke kan gado ran da ya sauka? Da wannan sai ka tafi gidan Sarkin Hausawa da na limamin unguwa, in gidanku mahauta ne ka haɗa da Sarkin Pawa, don baƙo ba ya sauka sai da mai masauki, kuma gidan mai masauki kan tuna baƙinsa. Maroƙi ma yana da amfani, kirarin gida kan adana sunan gari. Amma shi abincinsa yake nema, in ka sake masa hannu zai sada ka da Bagauda kafin la'asar.

TAMBAYA: Malam, takardun gidanmu sun rikita ni. Na mahaifina an rubuta "né vers 1938", na yayansa da ke Mubi kuma 1945. Sunan kakanmu ya fito iri uku. Akwai kuma wasu haruffa a ƙarshen Alƙur'aninsa na warƙa da aka ce shekara ce. Daga wata uwargida, Ngaundare.

AMSA: Hajiya, ba gidanku kaɗai ba ne. "Vers" nufinsa "wajen", wato ma'aikaci ne ya dubi mutum ya yi masa kintace, galibi ran da ya zo neman katin shaida ko shiga makaranta, sau da yawa ta hanyar hukuncin kotu da ke maye gurbin takardar haihuwa. An kan rage shekaru don makaranta, a ƙara don aiki. Mubi kuwa tana hannun Ingila har ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairu 1961 ta kai ta Najeriya, saboda haka gwamnati biyu ne suka yi wa 'yan'uwan kintace, kowace da nata. A wajen wane ne babba, maganar gida ta fi takarda.

Sunaye ma haka. Usman na Najeriya shi ne Ousmanou na Kamaru. Abubakar ɗaya kan fito Aboubakar a wata takarda, Bouba a bakin Fulani, Garba ko Habu a gida. Ki rubuta duka a shafi ɗaya, ki gwada su da sunan uwa da sana'a kafin ki ce mutum uku ne.

Haruffan nan ramzi ne, wato rubuta shekara da haruffa a madadin lambobi, kuma sun fi duk takardun da kika ambata daraja, don mai rubutun ya san shekarar da yake ciki. Malaman ƙasarmu lissafin Magariba suke bi: shinun 1000 ne, sinun 300, kaf 20. In kin ga shinun da sinun da kaf a jere, 1320 ke nan ta Hijira. Ki ninka da 0.97 ki ƙara 622, zai ba ki 1902, da kuskuren da bai wuce shekara guda ba. Inda ake ɓata shi ne a kai wa wanda ya koyi lissafin Gabas, inda shinun ke 300, sinun 60. Zai fito miki da shekarar da ba ta da kai. Ki kai wa tsohon alaramma. Ki duba kuma ko marubucin ya sa sunansa da na ubansa da garinsu, an saba yin haka a shafin ƙarshe. Ki ɗauki hotonsa da waya a hasken rana, kada a manna masa salatif, yana cin tawada.

TAMBAYA: Kakarmu ta ce iyayenta hajjin ƙasa suka fito suka tsaya a Fort-Lamy, wasu 'yan'uwa suka wuce gaba. Takardunmu sun salwanta a yaƙin 1980 da muka tsallaka Kusuri. Za a iya gano waɗanda suka wuce? Daga Njamena.

AMSA: Ana iyawa, amma da tafiyar baki. An kafa Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, a 1900, shekarar da aka kashe Rabe a Kusuri, saboda haka zamanku a nan ba zai wuce haka ba. Hanyar alhazai ta bi ta Ati da Abeshe da Adare, ta shiga Janaina, Fashir da Ubayyid a Sudan, mutane na tsayawa noma ko ɗinki shekara da shekaru kafin su tara guzuri. Ka tambayi kaka sunan madugu ko malamin da suka biyo, don a zango da sunan jagora ake tuna ayari. In 'yan hijirar Sarkin Musulmi Attahiru ne, waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi a 1903, to garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu a Sudan za ka dosa. Ka tuna can Muhammadu ya koma Mahamat a Cadi, Abubakar ya koma Abakar, a Sudan kuma duk Fallata ko Takari ake ce musu. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya koro jama'a da yawa zuwa Adare, cikinsu da Hausawa. Shugabannin Hausawan Abeshe su ne ƙofar da za ka fara ƙwanƙwasawa.

TAMBAYA: Bincike ya nuna mini kakanmu ba ɗan mai gidan da muke amsa sunansa ba ne, a hannunsa dai ya tashi. Wasu na raɗe-raɗin bauta. In yi gwajin jini? In rubuta? An sakaya suna, Marwa.

AMSA: Gwajin DNA ba zai ba ka sunan gari ko na mutum ba. Abin da zai iya shi ne ya nuna ko maza biyu sun haɗa kaka ta wajen uba, kuma sai ɗaya ɓangaren ya yarda ya ba da yawunsa. A ganinmu kada ka nemi wannan daga mutanen da kuke zumunci lafiya.

Tashi a hannun wani yana da fuska da yawa: riƙo, agolanci, almajirci, barantaka, da bauta, wadda ba ɓoyayyen abu ba ne a tarihin Adamawa. Kada ka zaɓi ɗaya sai da shaida biyu. A littafinka ka ja layi cikakke tsakanin uba da ɗan cikinsa, layi mai ɗigo-ɗigo tsakanin mariƙi da ɗan riƙo. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umurni a kira kowa da sunan ubansa, kuma rabon gado da halaccin aure suna rataye da wannan. Kwafin da za ka raba wa dangi ran suna ko biki ya tsaya kan sunaye da layuka. Shafin raɗe-raɗin ka bar shi da fensir, ka nuna wa babban gidanku shi kaɗai, a ɗakinsa.