Likita, sanyin hunturu ne ke ƙara mini hawan jinin ido?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni malamar makaranta ce a Jos, shekarata 53. Bara aka ce ina da hawan jinin ido, aka ɗora ni a kan maganin ɗigawa, alhali duk awon da ake yi mini bai wuce 15 ko 16 ba. Abin da ke damuna, da hunturu ya kama, in na yi alwalar asuba da ruwan randa sai yatsuna su yi fari fat su mutu, kuma in riƙa ganin kamar hazo a idona na hagu har hantsi. Ina yawan ciwon ɓarin kai, ina kuma shan maganin hawan jini da dare. Yayata ta ce sanyi ne ya shige ni, in bar ɗiga magani in riƙa gasa idon da ruwan zafi. Mece ce gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa: kada ki bar maganin nan ko na kwana ɗaya. Yayarki ta yi gaskiya cewa sanyi na taɓa ki, amma maganar gashi kam ta kauce. Tsumman ruwan zafi fatar ido kawai yake ɗumamawa, ɓarnar kuwa can bayan ƙwayar ido take.

Sunan nan "hawan jinin ido" ya daɗe yana ba ni wahala a ɗakin duba marasa lafiya, domin abin da muke aunawa ba jini ba ne. Matsin wani ruwa ne garai-garai da ido ke yi yana zubarwa ta 'yan ƙananan magudanai. In magudanan suka cushe, ruwan ya taru ya danne jijiyar gani, wadda zare ne sama da miliyan ɗaya a ɗaure wuri guda, daga ido zuwa ƙwaƙwalwa. Zaren da ya mutu ba ya dawowa. Yawancin masu lafiya awonsu tsakanin 10 ne da 21. To ke naki 16, me ya sa aka ce kina da ciwon? Saboda akwai nau'in da jijiyar ke lalacewa ko da matsin bai hau ba. A garin Tajimi na ƙasar Japan an yi binciken da aka buga a 2004, aka tarar fiye da 90 cikin 100 na masu nau'in ciwon da ya fi yawa awonsu bai wuce 21 ba. Saboda haka ba kuskure aka yi miki ba.

A nan jini ya shigo. Jijiyar gani na rayuwa ne da jinin da wasu sirara-siraran hanyoyi ke kai mata, kuma sai jinin ya rinjayi matsin cikin ido kafin ya kutsa. Ɗauki mesar ban-ruwa: ko a taka ta da ƙafa, ko famfon ya rage ƙarfi, ko mesar ta tsuke da kanta, duk shuka ce ke shan ƙishi. Maganin ɗigawa ƙafar yake ɗagawa. Sanyi kuwa, ga wasu mutane, tsukewar yake kawowa.

Kowa in ya ji sanyi jijiyoyin jinin hannunsa da ƙafarsa suna matsewa don jiki ya adana ɗumi. Na wasu ne ke wuce gona da iri, kamar yatsunki. Wani likitan Faransa, Maurice Raynaud, ya yi bayanin wannan tun 1862. Daga baya Farfesa Josef Flammer na birnin Basel a Suwizalan shi da abokan aikinsa suka lura cewa masu irin wannan jiki, in aka tsoma hannunsu a ruwan sanyi, wasunsu faɗin ganinsu kan ragu na ɗan lokaci, alamar jijiyoyin jinin ido su ma sun bi sahun na yatsu. Siffar mutanen da ya zayyana za ki iya gane ta: hannu da ƙafa kullum sanyi ƙalau, yawanci mata, sau da yawa sirara, ba su cika jin ƙishi ba, barci ba ya ɗaukarsu sai ƙafa ta yi ɗumi, ga ciwon ɓarin kai. Ni yanzu mace in ta zauna gabana da irin awonki, kafin in kunna fitila sai na kama hannunta tukuna. Akwai wadda na taɓa a tsakiyar watan Afrilu, ana zufa sharkaf, tafinta kamar ta fito da shi daga firji. Tun daga ranar, in za a yi wa irinsu gwajin faɗin gani, wanda ake ɗora haɓa a kan na'ura ana danna maɓalli duk sanda haske ya ƙyalla, nakan ce a rage na'urar sanyaya ɗaki, su kuma su zo da safa.

Sanyi shi kaɗai ba ya haifar da ciwon; da haka ne da Turawan ƙasashen ƙanƙara sun fi mu makanta da shi, alhali baƙar fata ya fi kamawa, ya kuma fi saurin yi mana illa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kusan mutum 5 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama suna ɗauke da shi, mafi yawansu ba su ma sani ba. Kuma ko ga masu awo daidai irinki, abin da aka tabbatar yana rage gudun ɓarnar shi ne a ƙara sauke matsin: wani babban bincike na 1998 ya nuna amfanin rage shi da kashi 30 cikin 100.

Layin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki shi ne na maganin hawan jini da dare. Jini dama yakan sauka in mutum ya yi barci. In magani ya ƙara dankwafar da shi, sai jijiyar gani ta kwana da yunwa, kuma bincike ya alaƙanta wannan faɗuwar dare da ci gaban ɓarna. Kada ki sauya lokaci da kanki. Ki tattara magungunanki duka a leda ɗaya ki kai wa likitan da ke duba hawan jininki, ki gaya masa kina da wannan ciwon ido, ki tambaya ko za a mayar da shi na safe. Ki kuma duba kwalbar ɗigawarki. In Timolol ce, tana iya ƙara sanyin yatsu da rage bugun zuciya, ba ta kuma dace da mai asma ba. Akwai wasu da za a iya musanya miki. Ko wacce ce, bayan kin ɗiga ki rufe ido ki danne lungun da ke kusa da hanci minti biyu, don kada maganin ya gangara maƙogwaro ya shiga jiki.

Sauran kuwa mai sauƙi ne. Ki zuba ruwan ɗumi a fulas tun dare saboda alwalar asuba, ki sa safar hannu da ta ƙafa, ki sha ruwa ko ba kya jin ƙishi. Kaskon gawayi kada ya kwana a ɗaki a rufe.

Hazon da kike gani har hantsi zai iya zama bushewar ido ce ta iskar hunturu. In kin ƙifta sau uku ya washe, to ita ce. In bai washe ba, ki rubuta ranar da lokacin, ki nemi a maimaita miki gwajin faɗin gani a cikin sanyin nan a gwada da na baya. Sai abin da na fi tsoro a wannan yanayi: ƙura ta sa ido ja da ƙaiƙayi, mutum ya shiga kemis a miƙo masa ɗigo mai Dexamethasone ko Betamethasone. Jan zai tafi, amma matsin ido na iya hawa a ɓoye. Ke kam haramiyarki ce sai da izinin likitan ido.

Yayar taki kuma, ranar da za ki koma asibiti ki riƙo hannunta ku tafi tare a auna ta. Ciwon yana bin jini, wanda suke ciki ɗaya da mai shi ya fi kowa haɗarin kamuwa. Allah Ya ƙara sauƙi, a gaida Yaya.