Filin awon igiya da sa hannun mai unguwa: in biya ko in dakata?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Na tara naira miliyan 7, ina so in fara harkar filaye, in saya in ajiye, in sun yi daraja in sayar. Wani dillali ya nuna mini fuloti 2 a bayan gari, awon igiya, wato yankan da ba gwamnati ta yi ba. Ya ce gonar gado ce aka yanka, mai unguwa zai sa hannu, kuma in ban ba da kafin alƙalami a makon nan ba wani zai ɗauka. Ga kuma abokina yana so mu haɗa kuɗi. Ta ina zan fara?

Amsa: Alhaji, kada ka ba da ko sisi a makon nan. Dillali la'adarsa yake nema, kuma halalinsa ce, amma ran da rigima ta tashi ba shi alƙali zai kira da suna ba.

Tun 1978 Dokar Amfani da Ƙasa ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne da amfani: gwamna ke bayarwa a birni, ƙaramar hukuma a karkara. Takardar C of O shaidar wannan haƙƙin ce, yawanci na shekara 99 in filin gida ne. Sashe na 22 ya hana mai irin wannan haƙƙi ya sayar ko ya jinginar sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa haka banza ne. A 1989, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar gida saboda rashin wannan amincewa. Banki ke nan mai lauyoyi, balle kai.

Sa hannun mai unguwa yana da amfani, domin ya san wanda ke noma gonar tun kaka da kakanni. Amma shaida ce kawai, ba ta mayar da fili naka a idon doka.

Kalmar "gado" ce ta fi tayar mini da hankali a wasiƙarka. Tambayi mai sayarwa: an raba ko ba a raba ba? In ya ce an raba, ya kawo takardar kotun shari'ar da ta yi rabon, ka je rajistarar kotun da ƙafarka a tabbatar maka. In ba a raba ba, kowane magaji sai ya sa hannu, har 'yan'uwa mata da ke gidajen mazajensu, waɗanda su aka fi mantawa kuma su ke dawowa da ƙara. In akwai marayu ƙanana, a nemi izinin kotu a kan kasonsu. Ga kuma shuf'a a mazhabar Malikiyya: idan ɗaya daga cikin masu tarayya ya sayar da kasonsa kafin rabo, sauran suna iya mayar maka da kuɗin da ka biya su karɓi abinsu, musamman wanda ba ya gari lokacin cinikin. Ka sayi fili don riba, ka tashi da uwar kuɗi tsirara.

Sai awon igiyar kansa. Ɗauki safiyo naka, ba na dillali ba, ya auna ya fitar da taswira. Da ita za a bincika a KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Jihar Kano, ko filin yana kan sunan wani ko an jinginar da shi, a KNUPDA kuma, hukumar tsara birane ta jihar, a duba ko hanya, magudanar ruwa ko wani tsarin gwamnati bai bi ta kansa ba. Sashe na 28 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ba gwamna ikon soke haƙƙi don amfanin jama'a, diyyar sashe na 29 kuwa ta abin da aka gina ko aka shuka ce. Kai da za ka ajiye fili fetal, kusan babu abin da za a lissafa maka.

Da ni ne, fuloti 1 mai takardu a shimfiɗar gwamnati zan saya, ko da ya cinye kuɗin duka, a rubuta takardar miƙa haƙƙi, a biya kuɗin hatimi, a nemi amincewar gwamna, a yi rajista. In kuwa arhar awon igiya ta ja ka, to bayan binciken nan, biya ta banki zuwa asusun masu filin, ba na dillali ba, a gaban shaidu. Katange shi nan take, ka fara neman takarda da sunanka.

Batun abokinka: ku rubuta abin da kowa ya zuba, sunan wa zai hau takarda, yadda za a raba riba, da abin da za a yi in ɗayanku ya rasu ko ya so fita. In harkar za ta ɗore, ku yi wa kamfani rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a riƙa saye da sunansa. Kafin nan, karɓo kwafin duk takardun da dillalin ke riƙe da su, ka kai wa lauyan da kai ka ɗauka, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba.